Filin Kimiyya: Masu fasa ƙwayoyi da hasken lesa

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin kemistiri na 'ya'yanmu 'yan sakandare ya ga yadda ake rubuta darasi. A jera sunayen wasu sinadarai a hagu, a ja kibiya, sannan a rubuta abin da suka zama a dama. Yaro ya haddace hagu, ya haddace dama, ya ci jarrabawa. Amma da za a tsare shi a ce, "To, a kan kibiyar nan me ya faru?" sai ya yi tsuru-tsuru. Kuma ba laifinsa ba ne, domin su kansu masanan da suka rubuta littattafan sun daɗe suna kintace ne kawai a kan wannan tambaya. A wannan wata za mu duba aikin mutanen da suka ce sai sun auna abin da ke faruwa a kan kibiyar, da yadda suka yi, da kuma abin da ya shafe mu a ciki, mu iyaye da malamai.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita wasu kalmomi don kada mu ɓace a hanya. Ta farko ita ce atam, wadda wasu ke kira ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar ɓarɓashin sinadari. Idan atam biyu ko fiye suka ɗaure da juna, sun zama molekul. Ruwan da muke sha, alal misali, kowane molekul nasa atam uku ne, biyu na haidurojin, ɗaya na oksijin. Sai ayon, wato atam ko molekul da ya rasa ilektaron ɗaya ko ya sami ƙari, saboda haka ya ɗauki cajin lantarki. Gishirin miya idan ya narke a ruwa, ayon-ayon yake rabuwa. Sai kuma gungu, wato 'yan atam ko molekul ƙalilan, biyar ko goma ko hamsin, da suka manne wa juna. Gungu ya wuce a kira shi ƙwaya tilo, amma bai kai a kira shi ɗigon ruwa ko ɓarɓashin dutse ba.

Abu biyu ne suka daɗe suna hana masana ganin abin da ke kan kibiya. Na farko yawa. A cikin ɗigon ruwa ɗaya akwai molekul da suka zarce lamba 1 mai sifiri 21 a bayanta, kowanne yana karo da maƙwabcinsa. Neman sanin halin guda ɗaya a cikin wannan cunkoso kamar neman jin raɗar mutum ɗaya ne a tsakiyar kasuwa ranar da ta cika. Na biyu sauri. Ɗaurin da ke tsakanin atam biyu yana tsinkewa cikin lokacin da babu agogon da ya taɓa iya kamawa.

Lesa ce ta kawo mafita. Wani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ne ya kunna ta farko a jihar Kalifoniya a shekarar 1960, da ɗan guntun yaƙutu. Fitila ce, amma haskenta ya sha bamban da na tocila ko aci-balbal. Launi ɗaya tak take fitarwa, a miƙe sak, kuma ana iya sakinta a matsayin walƙiya gajeriya ƙwarai. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne kowane launin haske yana ɗauke da ƙayyadadden ƙarfi, shuɗi ya fi ja, kuma kowane molekul akwai launukan da yake sha, akwai waɗanda suke wuce shi bai kula ba. Ke nan mai lesa a hannu yana iya ba molekul daidai mudun ƙarfin da ya ga dama, a daidai lokacin da ya ga dama.

Yadda ake aikin

Ga yadda irin wannan bincike yake gudana a taƙaice. Da farko ana sakin iskar gas ta wata 'yar ƙaramar huda zuwa cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa. Iskar da ta fito da ƙarfi haka takan yi sanyi, kamar yadda mai facin taya ya san iskar da ke fita ta bakin tayar mota tana da sanyi a hannu. Da sun yi sanyi, sai molekul su fara manne wa juna, gungu-gungu su haɗu, manya da ƙanana. Daga nan a harbe su da ilektaron don su ɗauki caji. Cajin nan shi ne akala, domin abin da ba shi da caji wutar lantarki ba ta iya jansa, amma ayon ana juya shi yadda ake so.

Sai a sa su tsere. A ingiza su duka da ƙarfi iri ɗaya cikin dogon bututu. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, kuma daga lokacin isowar kowanne a lissafa nauyinsa. A bakin bututun akwai ƙofa ta lantarki wadda ake buɗewa ga masu nauyin da ake nema kaɗai, sauran a kore su gefe. Waɗanda suka shige sai a haska musu lesa. Idan sun fashe, ɓarɓashin ya sake yin tsere na biyu, a auna nauyin kowane yanki. Ta haka masani zai iya cewa: na ɗauki gungu mai molekul kaza, na ba shi ƙarfi kaza, ya rabu zuwa kaza da kaza, ba tare da kintace ba.

Labarin keji

Tun a shekarar 1934 wasu masana biyu, James Franck da Eugene Rabinowitch, suka kawo wani tunani. Suka ce idan haske ya tsinka molekul a cikin ruwa-ruwa, ɓangarorin biyu ba sa samun hanyar gudu, domin maƙwabta sun kewaye su kamar keji, sai su yi karo da bangon kejin su dawo su sake haɗewa. Tunanin ya yi ma'ana, amma babu wanda ya iya faɗin maƙwabta nawa ake bukata kafin keji ya rufu, tunda ba a iya ƙirga su a cikin kwalba.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, Farfesa Carl Lineberger da ɗalibansa a Jami'ar Kolorado ta Amurka suka ɗauki wannan tambaya. Sun yi amfani da aidin, wannan dai da ake shafa wa ciwo, ake kuma sa wa gishiri don rigakafin maƙoƙo. Suka ɗauki atam biyu na aidin a ɗaure, masu ɗauke da ilektaron ɗaya na ƙari, suka riƙa kewaye su da molekul na iskar kabon-dayoksaid, wato iskar da ke tasowa idan an buɗe lemon kwalba. Su zaɓi gungu mai molekul ɗaya su haska, su zaɓi mai biyu su haska, haka nan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da suka gani shi ne, idan aidin yana shi kaɗai, ko da maƙwabta ƙalilan, hasken yana raba shi biyu kowanne ya kama gabansa. Yayin da ake ƙara maƙwabta, sai yawan waɗanda ke komawa su sake haɗewa ya riƙa ƙaruwa. Da aka kai molekul 16, wato adadin da ke zagaye aidin ɗin ya rufe shi ta ko'ina, sai ya zamana duk wanda aka tsinka yana komawa. To, ina ƙarfin hasken ya tafi? Ya tafi wajen sallamar wasu daga cikin maƙwabtan, suka fice daga gungun ɗauke da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafon da ke bushewa a jikinta. Da yake ana auna nauyin abin da ya rage, har ana iya ƙirga nawa ne suka fice. Tunanin da ya shekara hamsin a takarda sai ga shi an ƙirga shi da lamba.

Mutumin Masar da kyamararsa

Wannan ya magance matsalar yawa. Matsalar sauri kuwa, sunan da ya fi fice a kanta na ɗan nahiyarmu ne, Ahmad Zuwail. An haife shi a garin Damanhur na ƙasar Masar a 1946. Ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Iskandariyya kafin ya tafi Amurka a 1969, kuma daga 1976 ya zauna a cibiyar fasaha ta Kalifoniya da ake kira Caltech.

Ma'aunin lokacin da ya yi aiki da shi ana kiransa femtosakan. A raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida miliyan, to ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Don a ji girman abin, yawan femtosakan da ke cikin daƙiƙa ɗaya daidai yake da yawan daƙiƙoƙin da ke cikin shekara kusan miliyan 32. Haske da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, a cikin femtosakan 100 bai kai ya ƙetare kaurin silin gashi ba.

Dabarar Zuwail ita ce walƙiya biyu. Ta farko ta daki molekul, tsinkewa ta fara. Ta biyu ta biyo baya ta ɗauki bayanin halin da yake ciki. Tazarar da ke tsakaninsu ba da agogo ake saita ta ba, da madubi ne: a ɗan matsa madubi don hanyar walƙiya ta biyu ta ƙara tsawo kaɗan, sai ta makara daidai yadda ake so. A maimaita gwajin da tazara daban-daban, a jera sakamakon, sai ya zama kamar sinima mai tafiya a hankali. A 1987 shi da abokan aikinsa suka bi tsinkewar wani molekul mai atam uku, aidin da kabon da naitirojin, suka ga aidin ya rabu da sauran cikin femtosakan kusan 200. Daga baya suka duba wani ɗan'uwan gishirin miya, haɗin sodiyam da aidin, suka ga abin mamaki. Atam ɗin biyu sukan ja da baya kamar za su rabu, su dawo, su sake ja, su dawo, har wajen sau goma, kuma a kowane zagaye kusan ɗaya cikin goma ne ke kuɓucewa. A 1993 kuma suka bi aidin a cikin gungun iskar argon, suka ga tsinkewa da dawowa cikin keji a kan lokaci. Gani ya kori ji. A 1999 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin kemistiri, shi kaɗai, Balarabe na farko da ya same ta a wani fannin kimiyya. Ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa.

Ƙwallon kabon

Wani lokaci kuma mai neman wani abu yakan tsinci wani. A watan Satumba na 1985, a Jami'ar Rice da ke birnin Hustan na Amurka, Richard Smalley da Robert Curl suka karɓi baƙo daga Ingila, Harold Kroto, wanda ke son sanin irin sarƙoƙin kabon da ke haɗuwa kusa da tsofaffin taurari. Suka harbi girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, da lesa mai ƙarfi har ya zama tururi, suka bar tururin ya huce ya haɗa gungu, suka sa gungun tsere. Sai wani nauyi ɗaya ya riƙa rinjayar sauran, 720. Kowane atam na kabon nauyinsa 12 ne, kuma ɗan aji biyar zai iya raba 720 da 12 ya sami 60. Me ya sa 60 ta fi 59 da 61 ƙarko? Suka yi shawarar cewa atam ɗin sun rufe kansu ne sun zama ƙwallo mai fuska 32, 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar, daidai irin ɗinkin ƙwallon ƙafa. Da suka riƙa dukan wannan ƙwallo da lesa mai tsanani, sai suka ga ba ya wargajewa gaba ɗaya, yana zubar da atam bibbiyu ne, 60 ta koma 58, ta koma 56, alamar keji ne mai tsukewa yana sake rufe kansa. Su ukun suka sami lambar Nobel a 1996.

Labarin bai tsaya nan ba. Tun wajen 1922 masu nazarin taurari suka lura cewa hasken wasu taurari yana iso mu da giɓi, wasu launuka sun ɓace a hanya, alamar akwai wani abu a sararin da ke tsakani da ke shanye su. Aka gano ɗaruruwan irin wannan giɓi, aka shekara fiye da 90 ba a tabbatar da mai laifi ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar Farfesa John Maier a Jami'ar Bazel ta Suwizalan ta kama ayon na ƙwallon kabon ɗin nan a cikin tarkon lantarki, ta sanyaya shi zuwa wajen digiri 267 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi, atam ɗin iskar hiliyam yakan ɗan manne a jikinsa sama-sama. Sai suka riƙa sauya launin lesa a hankali. Duk sa'ad da aka zo kan launin da ƙwallon yake sha, sai ya ɗumama, hiliyam ɗin ya faɗi, ma'auni ya nuna. Launukan da suka samu sun yi daidai da biyu daga cikin giɓin hasken taurari. Ta hanyar kakkaɓe atam ɗaya a cikin ɗaki, aka san abin da ke yawo a tsakanin taurari.

To, ina amfaninsa?

Mun san akwai mai karatun da zai ce, "Malam, duk mun ji, amma wannan ba ya sa tukunya a wuta." Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu ce ƙasar da asibitocinta ba su da magani ta bar su ta sayi lesa ba. Sai dai mu duba misali ɗaya. Wanda ya san yawan ƙarfin da ke fasa molekul, shi ne zai san yadda za a ɗaga molekul ba tare da an fasa shi ba. A shekarun 1980 Michael Karas da Franz Hillenkamp a Jamus, da Koichi Tanaka a kamfanin Shimadzu na birnin Kiyoto a Japan, suka gano cewa idan aka cakuɗa manyan molekul irin na furotin da wani abin da zai sha zafin lesar a madadinsu, za a iya tashinsu sama lafiya lau da caji a jikinsu, a sa su tsere a auna su. Tanaka injiniya ne da ba shi da digirin dakta, amma ya shiga cikin waɗanda suka sami Nobel a 2002. Yau manyan asibitoci a ƙasashe da yawa suna amfani da hanyar da Jamusawan nan suka shimfiɗa. Idan ƙwayar cuta ta tsiro a faranti, a ɗan shafa ta a ƙarfe, a harba lesa, a auna furotin ɗinta, cikin mintoci a san sunanta, abin da a da yakan ƙara cin kwana ɗaya ko fiye. Ga majinyacin da cuta ta shiga jininsa, kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa sai da aka yi shekara wajen ashirin tsakanin binciken da isowarsa asibiti, kuma waɗanda suka fara ba asibiti suka nufa ba.

Wannan ne ya kawo mu gida. A unguwanninmu, yaron da ya yi ƙoƙari a kimiyya likita ake so ya zama, ko injiniya. Idan ya ce kemistiri ko fizis zalla zai karanta, sai a ɗauka ya rasa gurbi ne, a yi ta yi masa jaje. Muna roƙon iyaye su sake tunani. Na'urar da likita yake dogara da ita, wani ne ya zauna shekara da shekaru yana ƙirga ƙwayoyi kafin a ƙera ta. Zuwail kuma bai bar ƙasarsa ba sai da ya gama digiri biyu a gida, ke nan tushensa a makarantun nahiyar nan aka kafa shi.

Mu kuma malamai, gaskiya ne ba mu da lesa, da yawanmu ko ɗakin gwaji ba mu da shi. Amma hanyar da Lineberger ya bi ba ta fi ƙarfinmu ba: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ƙirga, a rubuta. Kofi uku, sukari cokali ɗaya-ɗaya, ruwan randa da mai ɗumi da mai zafi, da agogon hannu, sun isa yara su auna da kansu yadda zafi ke gaggauta narkewa. Sai a tambaye su me ya sa dole cokalin ya zama iri ɗaya, kuma me zai faru da sakamakon idan an motsa kofi ɗaya an bar biyu. Yaron da ya amsa wannan ya fara tunani irin na masu bincike, ko da bai taɓa ganin jami'a ba. Kada kuma mu yi sakaci da lissafi, musamman rabawa da ɓangarorin lamba, domin kun ga rabawa ɗaya ce ta fito da 60 daga 720.

Ɗaliban da suka gwada aikin sukarin nan su aiko mana da lambobin da suka samu ta hannun edita, tare da sunan makarantarsu, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Mai tambaya shi ma ƙofa a buɗe take. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.